Yadda Ake Shirya Ziyarar Tafkunan Japan, Daga Neman Biza Zuwa Bakin Kawaguchi

Masu karatu sun sha turo hoton nan na Dutsen Fuji, kansa fari fat da ƙanƙara, inuwarsa kwance cikin ruwa, suna tambaya: wane tafki ne wannan, ta ina ake bi, nawa ake kashewa? Yawancin masu tambayar ɗalibai ne, ko masu zuwa taro, ko 'yan kasuwar motoci da kayan gyara waɗanda za su samu rarar kwana biyu a Tokyo. Ga amsar dalla-dalla. Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu: lokaci ne ke gyara wannan tafiya ko ya ɓata ta, ba yawan kuɗi ba. Dutsen nan yana iya yini cur a bayan gajimare kana tsaye a gindinsa ba ka ga komai ba.

1. Zaɓi tafki ɗaya

Kuskuren farko shi ne jera tafkuna biyar a takarda, a ƙare da yini cikin mota. Japan doguwar ƙasa ce, tafkunanta kuma a warwatse suke.

Idan Fuji kake son gani, nufi Kawaguchi a lardin Yamanashi. Yana cikin tafkuna biyar da ke arewacin dutsen: Kawaguchi, Yamanaka, Sai, Shoji da Motosu. Shi ya fi sauƙin zuwa, shi ya fi masauki, kuma a kansa wannan jagora zai fi tsayawa. Tafkin Ashi da ke Hakone ya dace da mai tafiya da iyali, domin akwai jirgin ruwa da keken igiya (ɗan ɗakin da ke tafiya rataye a igiyar ƙarfe) da wuraren zama. Chuzenji yana can saman Nikko, mita 1,269 daga matakin teku, kusa da magangarar ruwan Kegon mai tsayin mita 97. Wanda ya sauka a Osaka ko Kyoto kuwa, bai kamata ya wahalar da kansa ba. Biwa, tafki mafi girma a ƙasar, mai faɗin murabba'in kilomita 670, yana nan kusa, minti goma a jirgin ƙasa daga Kyoto zuwa Otsu, garin da ke bakinsa. Toya da Akan da Mashu suna tsibirin Hokkaido a arewa, yawanci sai an ƙara hawa jirgin sama, don haka ba na baƙon farko ba ne.

2. Tsayar da wata

Nan ne maganar take. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska a bushe take, sama garau, kuma a watannin nan aka fi ganin Fuji. Farashin hakan sanyi ne mai ratsa ƙashi. Kawaguchi yana kan tudu, sama da mita 800, da asuba sanyi yakan wuce matakin daskarar ruwa. Sanyin hunturunmu mafi tsanani bai kama ƙafarsa ba.

Tsakiyar Afrilu furannin sakura, wato na itacen ceri, ke buɗewa a bakin tafkin, kimanin mako biyu bayan na Tokyo. Farkon Nuwamba zuwa tsakiyarsa ganyaye ke komawa ja da rawaya. A Chuzenji wannan yakan zo da wuri, cikin Oktoba. Waɗannan lokuta biyu su suka fi kyau, su kuma suka fi cunkoso da tsadar masauki.

Gargaɗi: daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce a can, Agusta da Satumba kuma guguwar teku kan katse jirage. A watannin zafi ma kan dutsen babu ƙanƙara, baƙi ne wuluk, ba irin na hoto ba. Kauce wa hutun ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, da tsakiyar Agusta, da ranakun sabuwar shekara, domin a lokacin su kansu Japanawa ke fita yawo. Kuma kowane wata ka zaɓa, tsakiyar mako ta fi Asabar da Lahadi nesa ba kusa ba.

3. Biza

Mai fasfon Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan sai da biza. Ofishin jakadancin Japan a Najeriya yana Abuja, na Ghana yana Accra, harkokin Nijar kuma ofishin Abidjan ke kula da su. Ka fara da shafin ofishin da ya shafe ka, a can ake bayyana inda ake miƙa takardu da kuɗin da ake biya.

Abubuwan da aka saba nema su ne fasfo, fom da hoto, bayanan asusun banki, takardar wurin aiki ko ta rajistar kasuwanci, shaidar kama kujerar jirgi, da jadawalin zama. Wannan na ƙarshe shi mutane ke wasa da shi. Ana son kowace rana da inda za ka je da sunan masaukin da za ka kwana da lambar wayarsa. Rubuta shi yadda hankali zai ɗauka. Wanda ya ce zai je Hokkaido da safe ya kwana Kyoto ya tona wa kansa asiri cewa bai duba taswira ba.

Gargaɗi: kada a zuba maƙudan kuɗi a asusunka ana saura kwana uku ka buga bayanan banki. Kuma ka yi hattara da dillalai masu cewa akwai wata biza ta musamman ga 'yan Najeriya. Wannan magana ta yaɗu a Agustan 2025 kan birnin Kisarazu, gwamnatin Japan ta ƙaryata ta, daga baya ma aka soke shirin da ya haifar da ruɗanin. Bizar yawon buɗe ido ba ta ba ka damar aiki.

4. Jirgi da jaka

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Afirka ta Yamma zuwa Japan. Ana bi ta Addis Ababa, Doha, Dubai, Istanbul ko Alƙahira, a sauka Narita ko Haneda, filayen jirgin Tokyo biyu. Haneda ya fi kusa da gari. Agogon Japan yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 8, saboda haka kada ka sa tafkin a washegarin saukarka. Ba jikinka kwana biyu a Tokyo.

Kafin ka tashi, cike bayanan shiga a shafin Visit Japan Web, ka adana lambar da zai ba ka a waya. Tana rage layi.

Babban gargaɗi: kada ka sa kilishi, dambun nama ko wani nama a jaka, ko da tsaraba ce ga ɗan'uwa da ke karatu a can. An haramta shigar da nama, akwai karnuka masu sansana kaya, tarar kuma tana iya kaiwa yen (kuɗin Japan) miliyan 3 ko ɗaurin shekara uku. Ɗanyun 'ya'yan itatuwa ma ana tare su. Wasu magungunan tari da mura da muke saye ba tare da takarda ba, a can doka ta taƙaita su, don haka ka bincika kafin ka ɗauka. Abin da jakar ke buƙata shi ne rigar sanyi mai kauri, safar hannu, takalmin tafiya mai sauƙin cirewa, da mahaɗin caja mai ƙafa biyu faffaɗa, domin ƙarfin wutarsu volt 100 ne, ramin soket ɗinsu kuma daban.

5. Kuɗi, kati da intanet

Zo da dala ka canza a filin jirgi, kada ka dogara da katin naira kaɗai. Injinan cire kuɗi na kantunan 7-Eleven suna karɓar katunan waje. Sayi katin Suica ko Pasmo ka zuba masa kuɗi, da shi ake shiga jirgin ƙasa da bas, da shi ake sayen ruwa. Duk da haka ka riƙe tsabar kuɗi, ƙananan shaguna a bakin tafki wasu ba sa karɓar kati. Sayi layin intanet tun a filin jirgi, domin taswira da manhajar fassara su ne 'yan rakiyarka. Fasfo ya kasance a jikinka kullum, doka ce ga baƙo. Ba a ba ma'aikaci tukuici a Japan, idan ka bar canji a tebur za a biyo ka da shi.

6. Kama masauki, ka kwana

Ana iya zuwa Kawaguchi a dawo Tokyo a rana ɗaya, kuma akasarin baƙi haka suke yi. Ni ban ba da wannan shawara ba. Motar farko ma sai hantsi take isa, daidai lokacin da gajimare ke fara taruwa a wuyan dutsen, iska kuma ta fara kaɗa ruwa. Wanda ya kwana yana da yamma, yana da asuba, dama biyu ke nan maimakon rabin ɗaya.

Nemi ɗaki a gaɓar arewa ko ta gabas, inda tafkin ke tsakaninka da dutsen. Masaukan da ke kusa da tashar jirgi sun fi araha, amma daga can gine-gine da wayoyin lantarki ke tare gani. Ƙaramin otal yakan kama daga yen 8,000 zuwa 15,000 a dare. Masaukin gargajiya, wanda suke kira ryokan, inda ake kwana a katifa bisa tabarma a kawo abincin dare da na safe, yakan fara daga 20,000 ya yi sama.

Gargaɗi: farashin ryokan na mutum ɗaya ne, ba na ɗaki ba. Mata da miji su ninka. Kuma ba kowane ɗaki ne ke kallon dutsen ba ko da otal ɗin na bakin ruwa, sai ka karanta bayanin ɗakin da kansa. Zaɓi wanda ake iya sokewa kyauta, amfanin hakan yana mataki na 8.

7. Hanya daga Tokyo

Hanyoyi biyu ne, duka daga unguwar Shinjuku da ke Tokyo.

Bas yana tashi daga babbar tashar da ake kira Busta Shinjuku, jikin tashar jirgin ƙasa ta ɓangaren kudu. Tafiyar kusan awa biyu ce, kuɗin kuma yen 2,000 da 'yan kai. Ana sayen kujera ta intanet tun saura wata guda. Shi ya fi araha, amma ranar Lahadi da yamma cunkoson komawa Tokyo kan ninka lokacin.

Jirgin ƙasa mai suna Fuji Excursion yana zuwa kai tsaye cikin ƙasa da awa biyu, a kan yen 4,000 da ɗoriya. Sawunsa kaɗan ne a rana, taragunsa uku kacal, kujeru na ƙarewa da wuri. Idan ka rasa, hau jirgin layin Chuo zuwa Otsuki, ka canza zuwa layin Fujikyu.

Gargaɗi biyu a nan. Na ɗaya, tikitin JR Pass, wanda baƙi ke saye don hawa jiragen ƙasa na kamfanin JR, na mako guda ya koma yen 50,000 a Oktoban 2023, kuma bai ɗauki layin Fujikyu ba, a Otsuki yake tsayawa, sauran sai ka biya. Don wannan tafiya asara ce. Na biyu, tashar Shinjuku tana cikin mafi cunkoso a duniya, ƙofofinta ba sa ƙirguwa. Je da rarar minti arba'in. Jirgin 8:30 yana tashi 8:30, ba a jiran kowa, ba a cika mota kafin a tafi. Sayi tikitin dawowa tun kana sayen na zuwa.

Babbar jaka ka bar ta a otal ɗinka na Tokyo, ko ka sa ta a akwatin ajiya na tasha. Motocin bakin tafki a cike suke, mai jan akwati yana takura kowa.

8. Duba sama kafin ka tashi

Ana saura kwana uku, fara duba hasashen yanayi na garin Fujikawaguchiko, ba na Tokyo ba. Akwai kyamarori masu nuna dutsen kai tsaye a YouTube, ka leƙa su da safe. Idan ranar da ka zaɓa ta zo da ruwa, washegari kuma garau, sauya. Shi ya sa ake son masaukin da ke sokuwa da jadawali mai rarar kwana ɗaya. Safiyar da ta biyo bayan ruwan sama ko iska mai ƙarfi ita ta fi kowace haske.

9. Ranar farko: daga tasha zuwa gaɓar arewa

A ƙofar tashar Kawaguchiko akwai motocin zagaye masu launi uku. Ja yana bin gaɓar Kawaguchi, kusan kowane minti 15. Kore yana zuwa Tafkin Sai. Shuɗi yana kaiwa Shoji da Motosu, amma sawunsa kaɗan ne ƙwarai. Tikitin kwana biyu na dukkansu kimanin yen 2,000 ne, kuma hawa uku ko huɗu ya mayar da kuɗinsa.

Idan ka iso ka tarar dutsen a buɗe, kada ka ce bari in ci abinci tukun. Hau jan bas har ƙarshen layi, lambun Oishi. Shiga kyauta ne, daga nan dutsen yana tsaye cif a gabanka, ruwa a tsakani. A ƙarshen Yuni da Yuli furen lavanda ke rufe wurin, a Oktoba kuma wasu dunƙulallun ciyayi ke komawa ja. Daga nan ka dawo a hankali, ka sauka a layin itatuwan momiji, masu ganyen da ke komawa ja, idan Nuwamba ce, sannan ka hau keken igiya zuwa tudun Tenjo, kimanin yen 1,000 zuwa da dawowa, minti uku kacal. Layin shiga ne kan yi tsawo da rana, gara da yamma. Mai ƙarfin ƙafa yana iya hayar keke kusa da tasha, zagayen tafkin bai wuce kilomita 20 ba. Ka tuna hagu ake bi a titi.

Gargaɗi: a watan Disamba rana na faɗuwa wajen 4:30 na yamma, motocin zagaye kuma suna tsayawa da wuri. Ɗauki hoton jadawalin bas na ƙarshe. Tasi kaɗan ne kuma da tsada.

Ka kuma kiyaye haƙƙin mazauna garin. A Mayun 2024 hukumar garin ta kafa baƙin labule a gaban wani kantin Lawson, saboda baƙi masu neman hoton dutsen sun addabi unguwa da tsallaka titi ba bisa ƙa'ida ba da zubar da shara da shiga harabar mutane. Kwandon shara da wuya ka gan shi, riƙe leda a jaka ka koma da sharar masauki.

10. Asuba

Da sanyin safiya ake kama fara. Inuwar dutsen a cikin ruwa, wadda ta sa ka baro gida, tana fitowa ne kawai idan babu iska, kuma hakan ya fi faruwa daga fitowar alfijir zuwa awa ɗaya bayan fitowar rana. Ga mai tashi sallar asuba wannan ba wani aiki ba ne, sallame ka sa rigar sanyi ka fita. Duba lokacin fitowar rana tun dare, domin a Yuni wajen 4:30 take fitowa, a Janairu kuwa sai kusan 7. Babu bas a wannan lokaci, shi ya sa masaukin da ke gaɓa ya fi. Sanyi na cinye batirin waya, sa ta a aljihun ciki.

Bayan karin kumallo kana da zaɓi. Hasumiyar Chureito mai hawa biyar, wadda ake gani a hotuna ja da Fuji a bayanta, tana garin Fujiyoshida. Hau jirgin Fujikyu zuwa Shimoyoshida, tafiyar minti goma a ƙafa, sai matakala 398. Dattijo ko mai ciwon gwiwa ya bi karkatacciyar hanyar da ke gefe. Wurin yana cikin harabar wani ɗakin bautar Shinto, addinin gargajiya na Japan, babu wanda zai nemi ka yi wani abu na ibadarsu, ka wuce cikin natsuwa kawai. Wanda cunkoso ya ishe shi kuwa ya hau koren bas zuwa Tafkin Sai, inda aka sake gina ƙauyen Nenba da rufin ciyawa bayan zaftarewar ƙasa ta 1966 ta shafe shi. Motosu, mafi zurfin biyar ɗin, shi ne hoton da ke bayan tsohuwar takardar yen 1,000. Yana da kyau matuƙa, amma kada ka je sai ka tabbatar da motar dawowa.

11. Abinci, salla da wanka

Abincin yankin shi ne wanda suke kira hōtō, faffaɗar taliya a cikin romo da kabewa. Sau da yawa ana sa naman alade, ko a dafa romon da shi, don haka tambaya ta zama dole. Koyi gane alamomi biyu a jikin kwali: 豚 alade ne, 酒 giya ce. Akwai kuma mirin, giyar girki da ke shiga miya da yawa. Kyamarar Google Translate tana karanta bayan kwali. A kantunan da ba sa rufewa za ka samu curin shinkafa mai gishiri ko mai kifi, dafaffen ƙwai, ayaba da madara, da yen 600 zuwa 1,000 ka ƙoshi. Gidajen abincin halal sun fi yawa a Tokyo, ka yi guzuri daga can.

Alƙibla a Japan tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa. Jiki ya saba fuskantar gabas, ka dogara da manhaja. Filayen Narita da Haneda suna da ɗakunan salla, a Tokyo kuma akwai babban masallacin Tokyo Camii kusa da tashar Yoyogi-Uehara. A bakin tafki ɗauki ƙaramar darduma da gorar ruwa. Ban-ɗakunansu suna da maɓallin fesa ruwa, tsarki ba matsala, amma kada ka ɗora ƙafa a kwamin wanke hannu na jama'a.

Yawancin masaukan suna da wurin wankan ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa, wanda suke kira onsen. Maza daban, mata daban, amma tsirara ake shiga, ba a yarda da gajeren wando ba. Idan hakan bai yi maka ba, tambayi na keɓe, wanda ake kama wa mutum ɗaya ko iyali na ɗan lokaci, ko ka kama ɗaki mai nasa.

12. Lissafin kuɗi, da ƙarin tafki ga mai sauran kwana

Ga mutum ɗaya, kwana ɗaya daga Tokyo: bas zuwa da dawowa kimanin yen 4,500, tikitin zagaye da keken igiya kusan 3,000, masauki 10,000 zuwa 15,000, abinci 4,000. Ka ware 25,000, ka ƙara 5,000 saboda halin tafiya. Farashi na motsawa, musamman na masauki a Afrilu da Nuwamba.

Mai rarar kwana biyu yana iya wucewa Hakone ta Gotemba a bas, ba sai ya koma Tokyo ba. Idan kuwa daga Shinjuku zai taso, tikitin Hakone Freepass na kamfanin Odakyu ya haɗa jirgin ƙasa, bas, keken igiya da jirgin ruwan Tafkin Ashi. Keken igiyar yana ratsa kwarin Owakudani, inda hayaƙin farar wuta ke fita daga ƙasa. Mai asma, mai ciwon zuciya da mai juna biyu su guji wurin, hukumomin can ma haka suke gargaɗi, kuma sukan dakatar da keken idan hayaƙin ya yi yawa ko iska ta yi ƙarfi. Mai nufin Chuzenji ya hau jirgin Tobu daga Asakusa zuwa Nikko, kusan awa biyu, sai bas ya hau hanyar Irohazaka mai lanƙwasa 48 hawa da sauka. Wanda mota ke sa wa jiri ya sha magani tun a tasha, kuma idan Oktoba ce ya kama bas ɗin farko, domin da hantsi tafiyar minti 50 kan koma awa biyu ko uku.